Kun cike kududdufi, ina kuka ce ruwan ya nufa?

Tun watan Maris tifofi ke sintiri a bayan layinmu, galibi bayan sallar isha'i. Da fari shara suke kawowa da ɓaraguzan gini, daga baya suka koma jan ƙasa. Kafin ruwan fari ya sauka, kududdufin da na buɗe ido na gani tun ina yaro ya koma fili fetal, an kafa masa duwatsun awo, an ja wa gefe guda bulo layi huɗu. Yanzu akwai benci a gindin darbejiyar da ke bakinsa, dillalai uku ke zama a kai daga hantsi zuwa la'asar, ɗayansu riƙe da takardar da aka zana fulotai aka sa musu lamba. Na tsaya na gaishe su, na tambayi babbansu, wanda a haife ya haife ni, na ce, "Baba, to ruwan da yake taruwa a nan duk damina, ina zai tafi?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, ai taimakon unguwa aka yi. Sauro ya ishe ku, ga wari, ga yara na faɗawa. Ruwa kuwa ai ba ya rasa hanya."

Ƙarshen maganar tasa gaskiya ce, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Ruwa ba ya rasa hanya. Hanyar tasa ta bana ita ce zauren tsohuwar da ke kwari da mu, da ɗakin almajiran da ke kusa da ita, da shagon mai nika.

Da a bakin dillali kaɗai nake jin wannan magana da ban ɗauki alƙalami ba, domin shi la'ada yake nema, kuma ba ya ɓoye hakan. Abin da ya tunzura ni shi ne ita ce dai maganar da nake ji a rediyo daga bakin masu digiri, an dai yi mata kwalliya. A can sai ka ji ana cewa "tsaftace birni", "ƙawata birni", "mayar da Kano sahun manyan biranen duniya". A wurin waɗannan mutane kududdufi abin kunya ne, ragowar ƙauyanci da ya kamata a binne kafin baƙi su gani. Duk inda suka hangi ruwa kwance, asarar fili suke gani. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da na taɓa ji ya tsaya ya amsa tambayar da na yi wa dattijon nan a gindin darbejiya.

Mu fara da inda kududdufan suka fito, tun da alama an manta. Ba daga sama suka faɗo ba. Kano da ƙasa aka gina ta, kuma duk tubalin da aka ɗora a kan wani, daga wani rami aka haƙo shi. Unguwa na tashi, ramin da ke gefenta na ƙara zurfi. Ita kanta ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa, ƙasarta daga gefenta aka ɗebo, shi ya sa duk wanda ya san titin Jami'ar Bayero (BUK) a da ya san jerin ramukan ruwan da ke bin ta daga wajen Ɗan Agundi, a wuce Na'isa, har Gadon Ƙaya. Wato gini da rami tare suke tafiya, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Gidan ya tare wa ruwa ƙasar da zai nutse, ramin da aka haƙa don gina shi ya karɓi ruwan. Indararo ya zubo a lungu, lungu ya miƙa wa kwata, kwata ta kai kududdufi, in ya cika ya tumbatsa ya miƙa wa na gaba, har a dangana da kogin Jakara. Babu injiniyan da ya zana wannan a takarda, amma ya yi aiki ɗaruruwan shekaru, kuma bai taɓa neman man janareta ba.

Baturen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, su ninka in fatake sun sauka. A lokacin gonaki ne suka cinye wani babban ɓangare na cikin ganuwa. Mutum dubu 30, ga gonaki, ga ramuka, ga fadamar Jakara ta ratsa gari ta gefen Kasuwar Kurmi. A ƙidayar 2006 kuwa ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun tasam ma mutum miliyan uku, yau kuma Allah kaɗai ya san adadi. Hankali zai ba ka cewa garin da rufin kwanonsa ya ninka haka, wurin ajiye ruwansa ma ninkawa ya kamata ya yi. Mu sai muka yi akasin haka, kuma muna tafa wa kanmu.

Ga wani ɗan lissafi da ɗan firamare zai iya yi. Ɗauki fuloti mai ƙafa 50 sau 50, irin wanda talaka ke gumi ya saya. Faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 232. In aka sheƙa ruwa na milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, abin da zai sauka a wannan ɗan fili ya haura lita dubu 11. Jarka mai lita 25 sama da 460 ke nan. Ka tsaya ka hango kurar ɗan garuwa fiye da talatin jere a ƙofar gida guda. A da, rabin wannan fili tsakar gida ce ta ƙasa, da bishiya, da ɗan turken akuya, ƙasa ta sha abin da za ta sha. Yau an rufe kashi uku cikin huɗu da kwano, sauran an malale shi da siminti ko intalok don kada matar gida ta taka caɓi. Ko ɗigo ba ya nutsewa. Duka jarka 460 ɗin nan waje ake turo su cikin sa'a guda, ta bututu mai kaurin dantse. Ka ninka da gida dubu a unguwa. Sannan ka je ka cike ramin da yake karɓarsu, ka dawo rediyo kana cewa mutane ne ba sa yashe kwata.

E, a yashe kwata, wa ya hana? Ledar fiya wata da robar lemo sun toshe lambatu da yawa, kuma laifin jama'a ne. Amma kwata hanya ce, ba ma'aji ba. Ko ka wanke ta da sabulu, iyakarta ta kai ruwan wani wuri, in kuwa wurin ya zama filaza mai hawa biyu to ruwan zai dawo ta inda ya fito. Na ga wannan da idona a daminar da ta wuce, a gidan wata gwaggona da ke cikin birni, bayan an cike ramin da ke ƙasan unguwarsu. Wajen ƙarfe biyu na dare aka kira ni. Na tarar ruwan ba ta ƙofa ya shigo ba, ta kwatar wanka ya ɓullo, baƙi ƙirin, yana tafe da abin da ba ya faɗuwa. Jikokinta na kwasa da baho suna watsawa waje, wajen kuma ya fi cikin cika. An ɗora buhun masara a kan turmi, an ɗora katifa a kan buhun, ita kuma tana zaune a bakin gado ta naɗe ƙafa, riƙe da tocila da ƙunshin takardun gida a leda. Abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Shekara hamsin da ɗoriya ina gidan nan, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba." Bangon ɗakin baya, wanda ginin ƙasa ne, bai kai ƙarshen Satumba ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna, domin a nan ne ake ganin yadda gari ke sauya halin mutanensa. Kowa a layin ya kira magini. Mai hali ya ɗaga daɓen gidansa gaba ɗaya, ya yi ciko ya haura titi. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗora bulo biyu a dokin ƙofa, tsofaffi na tsallakawa da ƙyar. Wanda ba shi da ko sisi ya jera buhunan yashi. Kowane ciko kuwa ma'anarsa guda ce: ruwana ya koma gidan maƙwabci. Mutanen da suka shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gida sai ga su gaban mai unguwa, wannan na cewa dakalin wancan ne ya karkato masa ruwa. Duk mun san hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa, muna jin sa a wa'azi muna gyaɗa kai. Amma in aka tsara unguwa ta yadda ba ka da hanyar kuɓuta sai ka cuci na kusa da kai, to an koya maka cuta, kuma za ka iya ta. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa na gasar ɗaga daɓe da maƙwabci, ba sai an gaya masa cewa duniya kowa tasa ta fishshe shi ba.

Akwai kuma rabin labarin da ba a haɗa shi da wannan, alhali abu ɗaya ne. Garin da ruwa ke cinyewa a Agusta shi ne garin da ke bin ɗan garuwa da roƙo a Afrilu. Ƙarƙashin Kano dutse ne. Ba mu da wani tekun ruwa a can ƙasa, abin da muke da shi shi ne wanda ya maƙale a ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa, kuma ruwan sama ne ke cika shi duk shekara, cikin wata huɗun nan na Yuni zuwa Satumba. Kududdufi na riƙe ruwa wata da watanni, yana tsatsa a hankali yana shayar da rijiyoyin da ke kewaye da shi. Tambayi duk wani tsohon mai haƙar rijiya, zai gaya maka rijiyar da ke kusa da rami ba ta cika ƙafewa ba. Yanzu mun toshe bakin da ƙasa ke sha da shi, sannan kowane mai kuɗi ya kira injin haƙa ya zura rijiyar burtsatse, kowa na zuƙa, babu mai zubawa. Ruwan famfo daga Tamburawa da Challawa da Watari bai wadaci gari ba, wannan ba sirri ba ne, akwai unguwannin da yaro zai yi wayo bai taɓa ganin famfonsu ya kawo ba. To a irin wannan gari ne muke kore ruwan da Allah ya sauko mana da shi kyauta, muna gaggawar ya fice, bayan wata shida mu saye shi jarka-jarka.

Kada wani ya ce wannan matsalar talakan lungu ce. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da muke taƙama da ita a duk Afirka ta Yamma, ya jiƙa atamfa da shadda da leshi na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna yatsa ga shagunan da aka dasa a kan magudanai da hanyoyi. An yi ta ziyarar jaje, an yi alƙawura, rana ta fito, kaya suka bushe, aka manta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu mun san wurin, mun nuna shi a talabijin, sannan muka mayar da gado ƙarƙashinsa.

Me muka yi da kuɗin da hankalin da ya kamata su tafi nan? Gadoji. Tun daga gadar Ƙofar Nasarawa, kowace gwamnati sai ta kafa tata don kada a ce ba ta yi aiki ba: ta Sabon Gari, ta Dangi, ta Hotoro, ga na Tal'udu da Ɗan Agundi sun biyo baya. Ban ce babu wadda ta rage wa kowa wahala ba. Amma gadar sama ta zama ma'aunin ci gaba a Kano saboda dalili ɗaya, tana kyau a hoto, musamman in an ɗauka daga sama da daddare an kunna fitilu. Lambatu ba ya kyau a hoto. Kududdufin da aka kare ba a yanka masa ƙyalle, ba a sa masa sunan kowa. Abin dariyar ma shi ne gadojin ƙasa, irin na Gadon Ƙaya da Kabuga da Ƙofar Ruwa. Mun cike ramukan da kakanninmu suka bari don ruwa, sannan muka kashe biliyoyi muka haƙa sababbi don motoci. Shi kuwa ruwa bai iya karatu ba, bai san wanne aka rubuta masa ba, rami dai rami ne. Ramin zamanin da, da kansa yake shanye ruwansa, na yanzu sai an yi masa dabarar fitarwa, ranar da dabarar ta toshe kuwa sai direban Adaidaita Sahu ya kashe inji ya naɗe wando.

Shi ma aikin Jakara, da aka ɗauko na rufe kogin da kankare a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa, tunaninsa ɗaya ne da na dillalinmu: a ɓoye ruwa, a kore shi da sauri. Na san irin ƙazantar da mutanen bakin Jakara suka sha, ba na raina kukansu. Sai dai ruwan da ka sa wa kankare gudu yake ƙarawa, kuma akwai mutane a inda ya nufa. Kafin ya isa dam ɗin Wasai a Minjibir sai ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, a hanya kuma da shi ake ban ruwan latas da kabeji da alayyahun da ke dawo mana kasuwa. Abin da muka tura ƙasa da dare, da safe muke sayensa a faranti.

Tushen abin dai fili ne, kowa ya sani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna amana, kuma tun daga nan fuloti ya zama kuɗin siyasa mafi sauƙin bugawa. Ba ya buƙatar kasafi, ba ya buƙatar majalisa, sa hannu ne kawai. Da filayen cikin gari suka ƙare sai ido ya koma kan abin da ba shi da mai kuka: gefen makaranta, gefen maƙabarta, filin idi, jikin ganuwa, kududdufi. Ganuwar da Najeriya ta kai sunanta jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2007 ita ce aka rushe wa Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka mayar da ta siminti. Ramukan da ke bin ta kuwa, je ka duba abin da ya rage. A 2023 katafila ta fito, aka yi rusau a Filin Idi da otal ɗin Daula da sauran wurare, gari ya rabu biyu, wasu na guɗa wasu na kuka, har kotu ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Na saurari muhawarar nan wata da watanni. Ɓangare guda na cewa an sayar da dukiyar al'umma, ɗayan na cewa an zalunci masu takarda. Ban ji wanda ya ce a mayar wa ruwa wurinsa ba. Wannan ya raba, wancan ya rushe, mai zuwa ya sake rabawa, shi kuwa ruwan Agusta bai san launin hular kowa ba.

Kuma ba a ce ba mu taɓa yin tsari ba. Tun farkon shekarun 1960 aka yi wa Kano tsarin shekara ashirin, wanda aka fi sani da sunan mai tsara shi, Trevallion, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare tun kafin a haifi yawancin mutanen da ke garin yau. Abin da ya ci gaba da tsara Kano bayan nan shi ne igiyar mai awo. A sayi gona a gefen gari, a ja igiya, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a bar lungun da mota ɗaya ba za ta juya ba, ba filin makaranta, ba hanyar ruwa, balle a yi zancen inda ruwan zai taru. Gwamnati ta gina rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da tituna masu faɗi, amma ba a can jama'a suke ba. Jama'a na awon igiya, kuma can ne Kanon gobe take tashi, bulo bisa bulo, ba tare da kowa ya tambayi gangaren ƙasa ba.

Masu son a zama kamar ƙasashen waje, to bari mu je wajen. Birnin Bangalo na Indiya, cibiyar harkar kwamfuta, ya cike tafkunansa da yawa ya gina ofisoshi da rukunin gidaje. A Satumban 2022, daminar da Kwari ta jiƙe, da tarakta aka riƙa kwaso masu kuɗi daga gidajensu, a 2024 kuma garin ya shiga layin tankar ruwa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya taɓa rufe wani rafi da kankare ya ɗora masa gadar sama, a 2003 ya rushe gadar, a 2005 ya buɗe rafin, yau wurin shan iska ne a tsakiyar gari. A Rotterdam ta ƙasar Holan an gina dandalin da yara ke wasa a cikinsa in babu ruwa, in an yi ruwa ya cika ya zama tafki, da gangan. Ƙasar Sin kuwa tun 2015 take zuba kuɗi a shirin da ta kira birane masu kama da soso, wato a mayar da gari mai shan ruwa maimakon mai tunkuɗe shi. In ka cire sunayen da ƙyalƙyalin, me suke ginawa? Kududdufi. Su suna biyan injiniyoyi don su ƙirƙiro abin da muka gada kyauta, mu muna biyan direban tifa ya binne shi. Ba zan yi mamaki ba in nan da shekara ashirin aka ciyo bashi daga waje aka kawo ƙwararru su koya mana haƙa rami, a yi taron bita a otal, a raba jaka da biro.

Sauro da wari da yaran da ke nutsewa fa? Duk gaskiya ne, ni ma na san gidan da aka yi wannan rashi, kuma ba abin wasa ba ne. Amma kududdufi bai zama bola da kansa ba. Mu muka juya masa bututun masai, mu muka mayar da shi juji saboda motar shara ba ta zuwa. Lokacin da nake yaro ana kama tarwaɗa a namu, agwagi na iyo, magina na ɗibar ruwan kwaɓa, masu shanu na shayarwa, da yamma kuma iskar da ke tasowa daga kansa daban take da ta sauran unguwa, abin da duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, zai san darajarsa. Wanda ya ƙazantar da wuri da hannunsa sannan ya kafa hujja da ƙazantar don ya sayar da shi, sunansa ba mai tsafta ba ne. Sauro kuwa bai bar unguwar gwaggona ba da aka cike ramin, ya dai tashi daga wuri ɗaya ya bazu a kowace kwata da ruwa ya tsaya. Masu cewa jama'a sun yi yawa dole a samar da fili, su fara nuna mini talaka ɗaya da aka ba fuloti a cikon kududdufi. Masu cewa ambaliya ƙaddara ce kuwa, haka ne, amma tifar ma da direba take zuwa.

Abin yi ba ya buƙatar dogon turanci. A ƙirga waɗanda suka rage, a sa su a taswira, a buga sunayensu kowa ya gani, a yi dokar da za ta hana ba da takarda a kansu ko da wane ne a kujera. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, na da ma'aikatan da suka san kowane rami a garin nan, masarauta na da masu unguwannin da suka san tarihinsa. A katange su, a datse bututun masai, a dasa itatuwa a gefe. A daina amincewa da zanen gidan da bai bar wa ƙasa ko taku goma ta sha ruwa ba. Duk sabon awo, na gwamnati ne ko na igiya, a fara ware wa ruwa nasa fulotin a mafi kwarin wurin kafin a ware wa kowa. Kuɗin gada ɗaya zai yi wannan duka har a yi canji.

Jiya na sake bi ta gindin darbejiyar. An sayar da fuloti goma sha ɗaya cikin sha huɗu, in ji dattijon, har wani ya fara haƙa harsashi. Na leƙa ramin. Ƙafa uku kacal aka yi, leda da tsumma ke fitowa, ƙasan kuma ruwa ya riga ya tsatso ya kwanta, kore shar. Magini na tsaye a ciki yana kwarfewa da bokiti, mai fulotin na gefe yana waya, yana gaya wa wani cewa hawa uku zai yi.